An ƙi ba yayana fanshon naƙasa, mu bi ta salula ko mu tahi da ƙahwarmu?

Ƴar Adar, Tawa:

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, ina kwananku. Don Allah shawara nika nema, wanda ya san kan abin ga ya taimaka muna.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, direban babbar mota ne a wani kamfanin jigilar kaya nan Tawa, ya hi shekara goma shina yi musu aiki, Ƙonni, Yamai, wani bi har Agadas. Bara bayan sallar layya hawan jini ya kada shi, a gida ne da asuba shina alwala, ɓarin dama duka ya shanye, hannu da ƙahwa, maganar ma sai ka kasa kunne sosai kana ka gane abin da yake cewa. Yanzu da sanda yake jan ƙahwa daga ɗaki zuwa zaure, hannun kuwa ko ludayi ba ya riƙewa, matarshi ke ba shi hura a baki. Shekararshi 46, ɗiya shida, babban bai gama lakkol ba.

Da kamfanin ya ga ba tashi sai sunka sallame shi. Wani abokin aikinshi ya ce muna tunda ana cire mai kuɗɗi kowane wata cikin albashi to shina da hakkin fanshon naƙasa, ba sai ya kai shekarun ritaya ba. Munka haɗa dosiye, takardar likita, takardar haihuwa, takardar aiki, hotuna, komi da anka ce, munka kai, munka zauna jira. Makon da ya wuce sai ga takarda wai an ƙi. Wallahi matarshi har yau ba ta hwaɗa mai ba, tsoro take kar jinin ya sake hawa.

Na kira lambar da ke saman takardar, wanda ya ɗauka ya yi min magana da mutunci gaskiya, ya ce ya ji kuma za a duba. To abin da nika tambaya, wannan kiran ya wadatar a matsayin mun kai kuka? Ko sai mun tahi da kanmu? In zuwa ne, nan Tawa ya isa ko sai Yamai, don kuɗɗin mota da ɗaukar marar lahiya wannan doguwar hanya ba ƙaramin abu ba ne gare mu yanzu.

Baba Mai Ritaya, Yamai:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba shi lahiya, ya sa kaffara ne. Ni aikin takardun ma'aikata na yi a kamfani har na aje aiki, irin wannan dosiye ya bi ta hannuna ba ɗaya ba ba biyu ba, don haka ki saurare ni da kyau.

Kiran da kika yi ba kai kuka ba ne. Gaisuwa ce da neman labari. Ko wanda ya ɗauka mutumin kirki ne, kuma na yarda shi ne, gobe shina iya tahiya hutu ko a canza mai wurin aiki, wanda ya gaje shi ba abin da zai tarar a rubuce. In magana ta kai gaban alƙali wata rana ba wanda zai tambaye ki wa kika kira, tambayar ita ce ina takardar da kunka aje, wace rana, ina tampo. Kuma abin da ya hi damuna, duk lokacin da kuke zaune kuna jiran "za a duba" kwanakin da doka ta ba ku suna tahiya, kuma daga ranar da takardar ƙin ta shigo hannunku ake hwara ƙirga. Ki juya takardar ki karanta har ƙasa, har ƙananan rubutun nan da mutane ba su kula da su, wurin da anka yi maganar "recours", wato kai kuka, ki ga wa'adin da anka sa. Ambulan ɗin da ta zo ciki ma kar a yar da shi.

Sannan ki san abin da ake dubawa. Ma'aikacin kamfani dokar CNSS, wato asusun ƙasa da ke biyan fanshon ma'aikatan kamfanoni, ke kanshi, ba irin ta ma'aikacin gwamnati ba da ke ƙarƙashin nasu asusun fanshon, CARENI, mutane suna yawan haɗa biyun. Fanshon naƙasa na wanda bai kai shekara 60 ba ne, kuma sharuɗɗa uku ake nema: ya zan an yi mai rajista aƙalla shekara 5, ya zan an zuba mai kuɗɗin wata 6 cikin wata 12 na ƙarshe kahin ciwon ya kada shi, sannan likitan da asusun ya amince da shi ya tabbatar ya rasa kashi biyu cikin uku na ƙarhin neman abincinshi. Guda ɗaya in ya hwaɗi ana ƙin dosiye duka. To ke ba ki hwaɗa muna wanne ne ya hwaɗi ba, kuma nan maganar take. In likita ne ya ce naƙasar ba ta kai ba, hanyarku daban, in kuɗɗin zubi ne, hanyarku daban. Kar ki rubuta ko kalma ɗaya sai kin san wanne ne.

In kin sani, sai a rubuta wasiƙa da hwaransanci zuwa ga kwamitin da ke sake duba irin wannan ƙorahi, sunanshi "commission de recours gracieux", haka za a rubuta a sama. Ba doguwa ba. Sunanshi kamar yadda yake bisa katin asusun, lambarshi, lambar takardar ƙin da kwanan watanta, sai a ce bai yarda da wannan hukunci ba saboda kaza, ga shaidu an haɗa. Ba wurin ba da labarin talauci ba ne ɗiyata, na san akwai shi, amma kwamiti dalili yake karantawa. Ki yi kofi biyu. Ki kai da hannunki wurin da ake karɓar wasiƙu, su riƙe ɗaya, ɗayar a buga miki tampo da kwanan wata da sa hannu ki dawo da ita gida. Kar ki hito ƙohwar nan ba tare da ita ba, ko za ki wuni bisa banci. Takardun asali kuma ba a barin su, fotokofi ake ba su, asalin a nuna a maida jaka.

Zancen Yamai, kar ki wahal da marar lahiya bisa hanyar da ta hi kilomita 500 don aje wasiƙa. Akwai reshen asusun a Tawa, can za ki aje, su ke turawa. Idan kwamiti ya sake ƙi, ko ya yi shiru har wa'adi ya wuce, sannan ne ake zuwa kotun ma'aikata, kuma abin hwarko da za su nema shi ne wannan kofin mai tampo.

Salula tana da ranarta, amma bayan an aje. Lokacin sai ki kira ki ce dosiye mai lamba kaza da na aje ran kaza ina ya kwana. Nan kiran ke da nauyi.

Ɗan Kasuwar Dole:

Ni dai a ganina a nemi wanda ya san wani a ciki, waya ɗaya ta gama magana. Haka ƙasar take, takarda sai ta shekara cikin durowa.

Baba Mai Ritaya, Yamai:

Ɗana, wanda ka sani a ciki iyakarshi ya ɗaga dosiyen da ke akwai ya kai gaba. Wanda ba a aje ba mi zai ɗaga? Kuma in wa'adi ya wuce ko shi ba ya iya maido shi. Ta aje tukuna, in tana da wanda zai tuna musu ba laihi.

Ƴar Adar, Tawa:

Baba na gode, Allah ya saka da alheri ya ƙara girma. Na ɗauko takardar na sake karantawa a natse tare da wani maƙwabcinmu malamin lakkol. Ba maganar likita ba ce. Abin da anka rubuta shi ne ba a samu wata shida na zubi ba cikin wata goma sha biyu na ƙarshe. To Baba wannan ne ya ɗaure min kai, don takardun albashinshi suna nan, matarshi ta adana su cikin leda a ƙasan akwatin tuhwahinta, wasu har sun yi ja don tsuhwa, kuma kowace ɗaya akwai layin da anka cire kuɗɗin har watan da ya hwaɗi. In an cire, ina sunka tahi?

Wakilin Sandika, Tawa:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, Allah ya ba yaya lafiya. Wannan ledar ku riƙe ta da kyau, ita ce shari'arku gaba ɗaya. Yau ɗin nan a yi fotokofin kowace takarda, a ɗauki hotonsu a salula kuma, kar a ba kowa asalin ko da patoron ne da kanshi ya aiko ya ce zai duba.

Ga yadda abin yake tafiya. Kowane wata ana cire kashi 5,25 cikin ɗari na albashin ma'aikaci don fansho, shi mai kamfani ya ɗora nashi kason 6,25 a kai, sannan shi ne zai kai duka asusu tare da jerin sunayen ma'aikatanshi. Ma'aikaci ba shi da hannu a kaiwar, abin da yake gani kawai layin da ke bisa takardar albashi. To mu a sandika mun sha ganin kamfani ya cire amma bai kai ba, musamman in kasuwa ta tsaya, kuma kowa ya san halin da masu jigilar kaya suka shiga tun 2023 da aka rufe iyakar Benin, motoci nawa suka kwanta. Ban ce abin da ya faru ke nan a naku ba, amma shi ne farkon abin da za a bincika. Wani lokacin kuma an kai kuɗin amma ba su faɗa kan sunanshi ba, don a takardar haihuwa an rubuta suna iri ɗaya, a jerin kamfani an rubuta wani iri, ko mutum ya taɓa aiki wani wuri aka yi mishi lamba, ya zo sabon wuri aka sake yi mishi wata, sai zubin ya rabu gida biyu. Wannan kam gyaranshi ba wuya in an gano.

Shi ya sa zuwa da kai ya fi aike. Ranar da za ki kai wasiƙar da Baba ya ce, ki roƙa a fitar miki da takardar da ke nuna duk watannin da aka zuba mishi tun farkon aikinshi. Ki zauna nan wurin ki jera ta da takardun albashi wata bi wata, da biro a hannu, duk watan da takardar albashi ta ce an cire amma tasu ba ta nuna ba ki sa mishi alama. A salula ba mai karanta miki shekara goma wata bi wata, ko kiredin ma ba zai kai ba.

In ta tabbata kamfanin ne bai kai ba, sai ofishin insifektan aiki na jiha. Kyauta ne. Suna kiran mai kamfani su zaunar da ku, abin da aka yi a rubuta. Shi ma asusun yana da masu bincikenshi da ke bin kamfanonin da ba su biya ba, don haka a cikin wasiƙar ki faɗa ƙarara cewa an cire kuɗin, ga shaida, kuna roƙon a binciki mai aikin. Cire kuɗin ma'aikaci a riƙe laifi ne a doka, ba alfarma kuke nema ba.

Abu ɗaya da zan ƙara, kuma a nan na san wasu za su ce na cika zafi. Da zarar patoron ya ji kun motsa, akwai yiwuwar ya turo dattijo da ƴan jikkuna a ambulan da buhun hatsi, a ce a rufa wa juna asiri, a kawo wata takarda a ce yaya ya dangwala. Taimako in an kawo don Allah ku karɓa, shekara goma ya yi musu. Amma kar ya dangwala hannu a kan komi sai wanda ya iya karatu kuma ba ya cin abincin kamfanin ya karanta. Jikka ɗari tana ƙarewa kafin kaka, fansho kuwa yana bin mutum, in ya kai 60 ya koma na tsufa, in ta Allah ta kasance matarshi da marayu suna da rabo a ciki.

Inna Majo, Yamai:

Ƴata sannu, ya mai jiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin masu irin wannan ciwo, bari in ƙara abu biyu da ban ga an taɓo ba.

Na farko kwanan wata. Wata goma sha biyun nan da ake magana, daga ranar da ciwon ya fara ake ƙirga su a koma baya. To ki duba takardar likitan da kuka sa cikin dosiye, wace rana ta ce naƙasar ta fara? Sau da yawa iyali sai bayan watanni, an gama jinya an gama na gargajiya an sallami mutum daga aiki, sannan suke zuwa neman takarda, likita kuma ya sa ranar da ya rubuta ta bai ambaci ranar faɗuwar ba. In mai duba dosiye ya ƙirga daga wannan ranar, watannin da yake kwance ba albashi duk sun shigo cikin lissafi, sai wata shidan su kasa cika alhali ba laifin kowa. Ku koma inda aka fara kwantar da shi, sunanshi yana cikin babban littafin shiga da ranar da aka kawo shi, ku nemi takardar kwanciya da ta sallama, in an yi mishi sikana ku haɗa da sakamakon, akwai kwanan wata a jiki. Sai likita ya sake rubuta takarda da ta faɗi ranar da abin ya same shi.

Na biyu, ko an warware zancen zubi, likitan asusun zai so ganinshi, kuma nan ne mutanenmu ke cutar kansu ba su sani ba. Za a yi mishi wanka, a sa mishi babbar riga da hula, a zaunar da shi tsaf, likita ya ce ya jiki, ya ce da sauƙi alhamdulillahi. Kana iya tafiya? Ina taɓawa. Kana cin abinci da kanka? Ya ji kunya ya ce eh, matarshi na tsaye ba ta iya ƙaryata shi gaban mutane. Likita kuma abin da ya ji ya gani shi zai rubuta. Godiya ga Allah wajibi ce, ba mai hana shi, amma bayan alhamdulillahi a faɗi gaskiyar yini: wa ke sa mishi riga, wa ke kai shi bayan gida, taku nawa yake yi kafin ya nemi bango, in ya yi magana baƙo yana ganewa ko sai an fassara. Ku zauna da shi tun a gida ku lallashe shi, namiji mai iyali da ya saba riƙe sitiyari abin yana mishi nauyi ƙwarai, na ga manya sun yi hawaye a kan wannan tambaya ta bayan gida. Wadda ke jinyarshi ita ta shiga da shi. Kuma ba a ce a ƙara gishiri ba, likitoci suna ganewa, abin da yake akwai ya isa.

Wannan na da amfani ta wani gefen ma, don wanda aka tabbatar ba ya iya hidimar kanshi sai da mai taimako kullum, ana ƙara mishi rabin fanshon a kai. In ba a faɗa ba ba a rubutawa.

Maganin hawan jinin kuma don Allah kar a tsaya da shi ko rana ɗaya saboda ana ta kai da kawon takardu, da motsa hannun da ƙafar kullum. Batun ɓoye mishi takardar, ni a ganina a faɗa mishi a hankali, tare da cewa ga matakin da aka ɗauka, tunda dole sai da sa hannunshi za a yi komi.

Mai Keke Uku, Tawa:

Salam yaya. Ni shan inna ta same ni tun ina yaro, ina cikin ƙungiyar naƙasassu nan garin. Abin da manya sunka hwaɗi ba ni da ƙari, sai dai in ba ku da mai rubuta wasiƙar ku je babbar kotu ku tambayi buron ANAJJ, hukumar taimakon shari'a ce da anka kahwa tun 2011, shawara kyauta suke badawa, kuma in abu ya kai kotu wanda ba shi da hali suna iya taimaka mai da lauya. Sannan ku kawo yaya a san shi a ƙungiya, muna ƙarƙashin FNPH, haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta Nijar, akwai dokar 2019 ta kare hakkin naƙasassu, kuma ko ba komi zai zauna da waɗanda sunka riga shi shiga wannan hali, zaman ɗaki shi kaɗai ba ya yi mai kyau.

Ƴar Adar, Tawa:

Jama'a ban san da bakin da zan gode muku ba. Inna, na duba, maganarki ce, takardar likitan ba ta ambaci ranar da ya hwaɗi ba ko kaɗan, ranar da anka rubuta ta kawai ke jiki kuma lokacin ya daɗe da barin aiki. Gobe in Allah ya kai mu zan hwara da can inda anka kwantar da shi, in wuce in nemi takardar watannin zubi kamar yadda yaya na sandika ya ce, don mu san ko ɗaya ne ko duka biyun. Mun yi shawara da matarshi da daren nan bayan isha'i za mu hwaɗa mai, ni da kawunmu.

Tambaya ɗaya ta rage Baba. Hannun da yake sa hannu da shi shi ne ya shanye. Ni zan iya sa hannu a madadinshi, ko ya za a yi?

Baba Mai Ritaya, Yamai:

A'a ɗiyata, kar ki sa naki hannun a wurin sunanshi, wasiƙar tashi ce, da sunanshi za ta hita. Tunda hankalinshi na nan, a karanta mai ya ji ya yarda, sai ya dangwala yatsan hagu. Ke kuma ya yi miki takardar wakilci, ita ma ya dangwala, a kai ma'aikatar magajin gari ko wurin ƴan sanda a buga mata tampo, ki riƙa tahiya da ita da katinki da fotokofin nashi, don ba kowane ma'aikaci zai buɗe miki dosiyen wani ba ko da ɗan'uwanki ne, kuma gaskiyarshi.

Amma kar ki jira sai takardar likita ta biyu ta hito kana ki aje wasiƙar, likita shina iya ɗaukar lokaci. Ki aje ta cikin makon ga da takardun albashin da ke hannu, a rubuta a ƙasa cewa sauran shaidu na biyowa. In sun hito ki kai su da wata ƴar wasiƙa mai ɗauke da lambar ta hwarko, su ma a buga miki tampo.